Shekarar 1591: Me Ya Ci Daular Songhai, Kuma Me Ke Gudana a Sauran Duniya?

Tambaya: Malam, a makaranta an koya mana cewa a 1591 Marokawa sun rusa daular Songhai saboda suna da bindiga, su kuwa mutanen Askiya sai kwari da baka. Shin bindigar ce kaɗai? Kuma a wannan shekarar me ke faruwa a sauran duniya, har da ƙasar Hausa?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da aka koya muku gaskiya ne, sai dai an taƙaice shi har ya kusa ɓatar da ku. Bindiga ta ci yaƙin Tondibi, fagen da rundunonin biyu suka gwabza, wannan babu ja. Amma daular da ta riƙe Gao da Tumbuktu da Jenne fiye da shekara ɗari, take karɓar haraji tun daga bakin Sahara har ƙasar Dendi can kudu, ba za ta watse don an ci ta a fage ɗaya ba, in da cikin gidanta lafiya yake. Kuma shi mai bindigar ba haka kawai ya tashi ya keta hamada ba. Sai ka san abin da ya koro shi.

Sarkin Maroko na lokacin shi ne Ahmad al-Mansur, na gidan Sa'adiyawa. Ya hau gado a 1578, a ranar da aka yi yaƙin Wadi al-Makhazin, inda sarkin Fotugal Sebastian ya mutu, ɗan'uwan al-Mansur, Sarki Abdul Malik, shi ma ya rasu a filin. Fansar manyan Fotugal da aka kama ta cika masa baitulmali, ya fara gina ƙasaitacciyar fadarsa ta al-Badi a Marrakesh, ya kuma tara sojoji 'yan albashi masu bindiga, yawancinsu Andalusawa, wato Musulmin da suka fito daga Sifaniya, da Turawan da suka musulunta. Irin wannan runduna kuɗi take ci kullum, ko ana yaƙi ko ba a yi. To ina zai nufa da ita? A arewa akwai Filibus na Biyu, sarkin Sifaniya, wanda tun 1580 ya haɗa Fotugal a ƙarƙashinsa. A gabas akwai Turkawan Istanbul, waɗanda suka riƙe Aljeriya har bakin iyakarsa, Sultan Murad na Uku kuma yana ganin shi ne jagoran Musulmin duniya. A yamma teku. Kudu kaɗai ta rage, kudun da zinariya ke fitowa.

Akwai kuma maganar halifanci, wadda ake yawan tsallakewa. Al-Mansur sharifi ne, yana ganin shi ya cancanci halifanci ba Baturke ba, kuma shekara ta 1000 bayan Hijira tana ƙaratowa. Ta kama ne a watan Oktoba na 1591. Ko'ina a duniyar Musulmi a lokacin ana ta zancen cikar shekara dubu da zuwan Mahadi da mai jaddada addini. A Indiya Sarki Akbar ya sa aka rubuta tarihin shekaru dubun nan, aka buga kuɗi da tambarinta. Shi kuwa al-Mansur ya riƙa aika wa sarakunan Sudan, wato ƙasashen baƙar fata na kudu da Sahara, takardu yana neman mubaya'a. Tun wajen 1582 manzon Mai Idris Alooma na Borno ya je wurinsa neman taimakon sojoji da bindigogi, sai aka rubuta takardar mubaya'a aka ba manzon ya kai gida. A 1583 ya kame Tuwat da Gurara, zangunan ayari na tsakiyar hamada. Ka ga ƙafa ya riƙa jawowa kudu a hankali.

Dalilin da ya riƙe a hannu shi ne gishiri. Mahaƙar Taghaza tana tsakiyar Sahara, daga can raƙuma ke ɗauko allunan gishiri zuwa Tumbuktu, a sayar a karɓi zinariya. Rikici a kanta ya daɗe tsakanin Maroko da Songhai, har mahaƙa suka soma komawa wata mahaƙar gishirin a Taudeni. Ana cikin haka sai wani bawan fadar Gao, Wuld Kirinfil, ya tsere zuwa Marrakesh yana cewa shi ɗan'uwan Askiya ne, yana kuma fallasa halin da fadar ke ciki. Al-Mansur ya rubuta wa Askiya Ishaq na Biyu yana neman miskali ɗaya na zinariya a kan kowane kayan gishiri, wai don ciyar da rundunar da ke kare Musulunci daga Nasara. Ishaq ya mayar masa da baƙar magana, ya haɗa da mashi da takalman ƙarfe. Da al-Mansur ya tara majalisarsa ya faɗi niyyarsa, manyansa suka ƙi, suka ce babu runduna da ta taɓa keta wannan hamada. Marubucin tarihin Maroko al-Ifrani ya kawo amsar da ya ba su, cewa fatake na ketawa kullum ba tare da wani shiri ba, kuma mutanen can ba su san albarushi ba, sai mashi da takobi.

Yanzu dubi ɗaya ɓangaren. Askiya Dawud ya yi mulki daga 1549 har farkon shekarun 1580, zamaninsa zamanin kwanciyar hankali ne. Yana rasuwa 'ya'yansa suka shiga cin dunduniyar juna. Al-Hajj ya hau aka tuɓe shi, Muhammad Bani ya hau. A 1588 Balama al-Sadiq, ɗaya daga cikin manyan kwamandojin yamma, ya yi tawaye, mutanen Tumbuktu suka goya masa baya, ya nufo Gao da runduna. Bani ya rasu ana shirin haɗuwa, Ishaq ya karɓi sarauta, ya ci yaƙin, sannan ya bi waɗanda suka goyi bayan Balama da kisa da ɗauri. A wannan basasa aka rasa barade da jagororin yamma masu yawan gaske, waɗanda suka tsira kuma zukatansu ba su tare da sabon Askiya. Shekara uku kacal tsakanin wannan da zuwan Marokawa. A ganina nan ne asalin ciwon yake, Tondibi bayyanarsa ce kawai.

Rundunar Maroko ta bar Marrakesh a ƙarshen 1590, lokacin sanyi, ƙarƙashin Judar Basha, dandaƙaƙƙen bawan fada wanda aka haifa a Sifaniya aka kamo shi yana yaro. Mayaƙan wajen 4,000 ne: 'yan bindiga na ƙasa 2,000, na kan doki 500, masu mashi 1,500, ga igwa 'yan ƙanana, ga raƙuma wajen 8,000 ɗauke da ruwa da albarushi da dalma da guzuri. Da yawa sun mutu a hanya. Sun fito bakin kogin Kwara kusa da Bamba a ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris na 1591, a galabaice. Abin da ke ba ni takaici duk lokacin da na karanta wannan wuri shi ne, ba a cike rijiyoyin hanya ba, ba a tare su suna fitowa daga yashi da ƙishirwa ba. Aka bar su suka sha, suka huta, suka shirya.

An haɗu a Tondibi, arewa da Gao, a tsakiyar Maris. Abdurrahman al-Sa'di, mai Tarikh al-Sudan, ya ce Askiya na da mahaya 12,500 da dakaru 30,000. Wani littafin tarihin kuma, Tarikh al-Fattash, ya ce mahaya 18,000 da dakaru 9,700. Ko wanne ka ɗauka, sun ninka Marokawa sau da yawa. Dabararsu ita ce su koro shanu kamar dubu a gaba, su ruɗa sahun 'yan bindiga, dakaru su biyo baya. Da aka saki wuta, shanun suka firgita da ƙara da hayaƙi, suka juyo kan masu korarsu. Bindigar zamanin ba ta da saurin ɗuri, kuma ba ta da saiti mai kyau, amma dawakan da ba su taɓa jin amonta ba ba sa tsayawa. Askiya ya juya tun yaƙi bai yi nisa ba, Tarikh al-Fattash ya ɗora laifin a kan malamin fadarsa, Alfa Bukar Lanbar, wanda ya matsa masa ya bar filin. Wasu jarumai na dakaru suka ƙi gudu, suka shimfiɗa garkuwoyinsu suka zauna a kai, aka kashe su a zaune, aka cire mundayen zinariya daga hannuwansu.

Judar ya shiga Gao ya tarar mutane sun ƙetare kogi da dukiyarsu. Abin da ya gani ya kashe masa jiki, har ya rubuta wa ubangidansa cewa gidan sarkin masu jakuna na Marrakesh ya fi fadar Askiya. Ishaq ya aiko da tayin sulhu: miskali 100,000 na zinariya da bayi 1,000, a bar masa ƙasarsa su koma. Zazzaɓi ya fara kashe sojojin Judar da dabbobinsu, don haka ya karɓi tayin bisa sharaɗin sarki ya yarda, ya janye zuwa Tumbuktu, ya rushe gidajen unguwar 'yan Ghadames ya gina kagara. Al-Mansur ya fusata da wannan tayi, ya tuɓe shi ya aiko Mahmud ibn Zarqun, wanda ya iso a watan Agusta. Mahmud ya sare manyan itatuwan Tumbuktu, ya ɓalle ƙofofin gidajen mutane aka sassaƙa jiragen ruwa, ya sake fatattakar Ishaq kusa da Bamba a watan Oktoba. A daidai wannan lokacin mutanen Tumbuktu suka yi bore saboda zaluncin sojojin da aka bari a garin, aka yi makonni ana kashe-kashe. Rundunar Songhai ta tuɓe Ishaq, ya gudu Gurma aka kashe shi a can a 1592. Wanda ya gaje shi, Muhammad Gao, Mahmud ya gayyace shi sulhu ya ci amanarsa.

Ga hujjata ta cewa bindiga ba ita ce komai ba. Bayan duk wannan, Askiya Nuhu ya tattara sauran mutane ya koma Dendi, wato kudu maso yammacin Nijar ta yau da arewacin Benin, ya sauya salon yaƙi. Ya daina haɗuwa gaba da gaba, sai kwanton ɓauna cikin kurmi da fadama, inda sauro da ƙudan tsando ke gama wa Marokawa da dawakansu. Shekaru aka yi Mahmud bai iya murƙushe shi ba, shi kansa Mahmud ɗin a 1595 kibiya ta kashe shi a duwatsun yankin Hombori da Bandiagara. Bindigar dai ita ce ta Tondibi, amma da ta gamu da jagoran da mutanensa suka amince da shi, sai ta kasa. Sannan ka tuna Borno ta riga ta mallaki 'yan bindiga Turkawa tun zamanin Idris Alooma, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Furtu ya rubuta. Labarin wannan makami ya daɗe da isowa Sudan. Fadar Gao ce ta shagala da rikicin gado.

Shin al-Mansur ya samu abin da ya je nema? A farko ya samu. An kwashe dukiyar attajiran Tumbuktu da Jenne da Gao, ana yi masa laƙabi da al-Dhahabi saboda yawan zinariyarsa, kuma da Judar ya koma gida a 1599 wani ɗan kasuwar Ingila da ke Marrakesh ya rubuta cewa ya shigo da raƙuma 30 ɗauke da garin zinariya. Amma ma'adinan ba a Gao suke ba. Suna can kudu, a Bure da Bambuk da dazukan Akan, wuraren da ko Askiyoyin ba su taɓa riƙewa ba, fatake Wangarawa ne ke kawowa. Kuma tun 1482 Fotugal ta gina kagarar Elmina a gaɓar Ghana ta yau, wani kaso na zinariyar yana bin teku. Ya kama kasuwa, bai kama tushen haja ba, kasuwa kuwa ba ta ci sai da aminci. Al-Sa'di ya kawo cewa Mulay Zaidan, ɗan al-Mansur, ya faɗa wa Ahmad Baba, shahararren malamin Tumbuktu, cewa mahaifinsa ya tura mutum 23,000 zuwa Sudan, waɗanda suka dawo ba su wuce 500 ba. Al-Mansur ya mutu da annoba a 1603, 'ya'yansa suka raba ƙasar da yaƙi. Sojojin da ke Tumbuktu suka koma naɗa Basha da kansu, suka auri 'yan ƙasa, zuriyarsu ce ake kira Arma har yau.

Babbar hasarar kuwa ta talakawa ce da malamai. Al-Sa'di, wanda aka haifa shekara uku bayan Tondibi, ya ce Marokawa sun tarar da ƙasa mai yalwa da zaman lafiya, sai tsoro ya maye gurbin aminci, mutane suka riƙa kai wa juna hari ta ko'ina, kuma bai wanke sarakunan Songhai ba, ya ce ɓarnarsu ce ta jawo. A watan Oktoba na 1593 Mahmud ya tara malaman Tumbuktu a masallacin Sankore da sunan sabunta mubaya'a, ya rufe ƙofa ya kama 'yan gidan Aqit, gidan da ya daɗe yana riƙe alƙalancin garin. An kashe wasu a hanyar kai su kagara, aka wawashe gidajensu, a 1594 aka kora sauran zuwa Marrakesh cikin sarƙa, har da Alƙali Umar, tsoho, wanda ya rasu a can. Ahmad Baba yana cikinsu, ya faɗo daga raƙumi a hanya ya karye a ƙafa. Ya ce littattafansa 1,600 aka kwashe, kuma a danginsa shi ne mai mafi ƙarancin littattafai. Da aka kai shi gaban al-Mansur ya tarar sarki na magana ta bayan labule, ya ƙi cewa komai sai da aka yaye, yana mai cewa Allah ne kaɗai ke magana da bayinsa ta bayan shamaki. Sannan ya tambaye shi dalilin da ya sa ya ci dukiyar Musulmi ya ɗaure malamansu, alhali ga Turkawa nan kusa da shi in haɗa kan al'umma yake so. Daga baya malaman Maroko da kansu suka riƙa zama a gabansa suna ɗaukar karatu.

Sauran duniya kuwa a 1591, in ka lura, kusan ko'ina ana fama da abu biyun nan, albarushi da rikicin gado. A Rasha, a watan Mayu, aka tsinci Dmitri, ƙaramin ɗan Sarki Ivan mai ban tsoro, da yanka a wuya a garin Uglich yana ɗan shekara takwas. Yayansa Sarki Fyodor ya mutu bai bar magaji ba, daga baya aka yi ta samun masu fitowa suna cewa su ne Dmitri, ƙasar ta faɗa cikin fitina ta shekaru. A watan Yuli na wannan shekarar Khan ɗin Tatar na Kirimiya, Gazi Giray, ya iso har bakin Mosko, igwa ta mayar da shi, kuma Tatar ba su sake kaiwa garun birnin ba. A Jafan Toyotomi Hideyoshi ya gama murƙushe tawayen ƙarshe a arewa, ya fara gina sansanin da daga nan ya auka wa Koriya a 1592 da dubban 'yan bindiga, shi ma ya ci yaƙin farko cikin sauƙi ya kasa riƙe ƙasar.

A Turai Filibus na Biyu hannunsa cike yake, shi ya sa ma al-Mansur ya samu sararin juya baya ga arewa. Shekara uku ke nan da Ingila ta tarwatsa masa jiragen yaƙi. A Holan Maurice na Nassau ya ƙwace masa Zutphen da Deventer da Nijmegen a cikin wannan shekara. A Faransa yana taimakon masu yaƙi da Henri na Huɗu. A cikin gidansa birnin Zaragoza ya yi bore, sai da ya tura soja. Ingilar kuwa abokiyar cinikin Maroko ce, tun 1585 aka kafa kamfanin da ke kai tufafi yana sayo sukari da gishirin albarushi. A watan Afrilu na 1591 James Lancaster ya tashi daga Plymouth ya zagaya Afirka zuwa tekun Indiya, tafiyar da ta share fagen kamfanin Ingila na gabashin Indiya a 1600. Wannan jirgin ruwan, da ire-irensa, shi ne abin da daga baya ya rage wa raƙumi daraja fiye da duk abin da Judar ya yi. A Roma Paparoma biyu suka mutu a cikin wata uku. Ba duka yaƙi ba ne: a Venis aka kammala gadar dutse ta Rialto, a Indiya Muhammad Quli Qutb Shah ya kafa birnin Hyderabad ya gina Charminar.

Ƙasar Hausa kuma ba ta ga Bamaroke ko ɗaya da bindiga a bakin ganuwa ba, amma guguwar ta taɓa ta. Kabi ce garkuwar yamma. Tun wajen 1516 Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammad ya kafa ƙasarsa da birnin Surame, don haka lokacin Tondibi Songhai ba ta da iko a kan Hausa. Da mayaƙan Songhai suka koma Dendi sun zama maƙwabtan Kabi, kuma akwai takardar da al-Mansur ya rubuta wa sarkin Kabi, Kanta Dawud, yana zarginsa da ba su mafaka da taimako, yana neman ya yi mubaya'a ya riƙa biyan haraji, in ba haka ba runduna na zuwa. Rundunar ba ta zo ba. A Kano Muhammadu Zaki ne ke sarauta, damuwarsa Katsina ce da Kwararafa. A Borno Idris Alooma na kan gado yana cikin ƙarfinsa.

Kada ka yarda da masu cewa ayari ya daina zuwa Tumbuktu daga 1591, bai daina ba, gishirin Taudeni ya ci gaba da sauka. Abin da ya faru shi ne nauyin ciniki ya riƙa karkata gabas sannu a hankali, zuwa hanyar Tarabulus da Ghadames da Ghat da Agadas, da hanyar Fezzan da Kawar zuwa Borno, domin fatake inda hankalinsu zai kwanta suke bi. Katsina ce ta fi cin moriyar wannan a ƙarni na 17 da na 18, ta zama matattarar fatake da malamai, zamanin Ɗan Marina da Ɗan Masani. Alaƙar ilimi da Tumbuktu ma ta riga Tondibi, domin malaman can sun daɗe suna sauka Kano da Katsina a hanyar hajji suna karantarwa, ciki har da kakan Ahmad Baba.

Shi Ahmad Baba an bar shi ya koma gida bayan mutuwar al-Mansur, ya isa Tumbuktu a 1608. A 1615 mutanen Tuwat suka aiko masa da tambaya a kan bayin da ake kawowa daga Sudan, ko baƙar fata kaɗai ta isa a mallaki mutum. Ya amsa a cikin Mi'raj al-Su'ud cewa launi ba ya halatta bauta, ya yi watsi da masu jingina ta ga zuriyar Ham ɗan Annabi Nuhu, ya kuma lissafa al'ummomin da suka daɗe da musulunta waɗanda bai halatta a mallake su ba, ya ambaci Borno da Songhai da Kano da Katsina da Gobir. Ya kuma nuna cewa sarakunan waɗannan ƙasashe da kansu suna kai wa juna hari, su kama Musulmi 'yantattu su sayar, ya hukunta cewa duk wanda ya ce daga can yake, a karɓi maganarsa a sake shi. Ya rasu a Tumbuktu a 1627.